Jiƙon Masarar Hollis Tarver

Hollis Tarver mijin ƙanwata Ozella ne. Mahaifinmu ya rasu kafin aurensu, saboda haka ni na riƙo hannunta na miƙa masa a coci, shekara arba'in da uku ke nan. Idan aka tambaye ni yadda na ga zaman nasu, nakan ce gidan yana nan, rufinsa ba ya yoyo.

Shinge ɗaya ne tsakanin gidana da nasu, a bakin hanyar burji mai gangarawa fadama, a kudancin Mississippi. Duk abin da aka dafa a gidansu, hancina yakan riga kunnena sani.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba shi da ƙaramin yatsa a hannun hagu, zarto ya karɓa. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya bar makaranta ya bi ubansa saran itace, daga nan ya shiga aiki a injin yankan katako, bai fito ba sai da kansa ya yi fari. Irin mutumin nan ne da zai gyara maka famfo, ya yi maka faɗa a kan yadda ka bari ya lalace, ya ƙi karɓar ko sisi, sannan ya tafi da gudumarka.

Tun da na san shi yana da wani tabarau da yake mantawa a gida. A banki ya manta shi, a asibiti ya manta shi, ranar aurensa ma da aka miƙo masa takarda sai da ya lalubi aljihu. Na san inda ake ajiye komai a gidan nan, har makullin ɗakin kaya, amma ban taɓa ganin tabarau ɗin ba. Ozella ce ke karanta masa wasiƙa da takardar magani, da la'asar a baranda, da muryar da ba ta wuce matakala. Ba wanda ya taɓa yin maganar. Ni ma ba yin ta nake ba.

A cocinmu, Lahadi ta biyu a watan Nuwamba ita ce ranar komowa gida. 'Yan garin da suka watsu Mobile da Memphis da Chicago sukan dawo, a share kaburburan iyaye, a yi waƙa, a ci abinci a ƙarƙashin bishiyoyi. Mata na kawo wake da ganye da kek, amma uban taron shi ne aladen daji da ake gasawa a rami. Wanda ya harbo shi, shi ke zama a kujerar ƙarfe a bakin ramin, shi ke yankan farko, shi ke ci kafin kowa, har fasto. Shekara talatin da huɗu Hollis ne a kujerar. Ƙarfen ma ya lanƙwasa daidai zamansa.

Sai dai Hollis bai taɓa bin alade a daji ba. Alade ne ke zuwa wurinsa. Akwai dajin kamfanin katako a hayin rafi, inda wani tsohon manaja ya ba shi izini da baki tun muna da ƙarfi. Yakan jiƙa masara ta yi tsami, ya haƙa rami ya zuba, ya zauna inda iska ba za ta kai musu warinsa ba. Yammaci biyu, uku in ta yi tsanani, sai ka ji ƙarar bindiga ɗaya. Wannan ita ce farautarsa, kuma a ganinsa duk mai yawo a daji da bindiga a kafaɗa bai san aiki ba ne.

Bana kamfanin ya sayar da dajin ga wasu mutanen birni. Muka je a watan Satumba muka tarar da waya mai ƙaya, da ƙofa, da kwaɗo sabo, da allo. Hollis ya daɗe a tsaye, sannan ya ce rana ta haske masa ido, in duba masa abin da aka rubuta. Na ce an rubuta kada a shiga. Ya ce ai da ma ya gani.

Abin da ya rage shi ne dajin gwamnati, mil goma sha biyu daga gida, fadama ce iya ganinka, kowa da lasisinsa yana da haƙƙin shiga. A taron dattawan coci, Purvis Lott, wanda ya daɗe yana kallon kujerar nan ta gefen ido, ya ce kada a wahalar da Ɗan'uwa Hollis. In har azahar ɗin Juma'a ba alade, shi zai sayo kafaɗun alade a kanti ya gasa a injinsa mai aiki da gas, nama ai nama ne. Aka amince. Hollis ya tashi ya tafi gida. Washegari ya sayo masara buhu biyu.

Bokiti biyar ya cika. Masara, ruwan rijiya, sukari, yis, da garin jan lemo mai ƙamshi irin na yara. Sai giya, gwangwani biyu a kowane bokiti. Dattijon coci ba ya sayen giya a garinsu, don haka ya yi tafiyar mil talatin ya sayo inda ba a san shi ba, ya tarar da ƙanwar matar fasto ce mai sayarwa a kantin. Ya ce mata ta aladu ce. Ta ce kowa haka yake cewa.

Ya jera bokitan a rana bayan ɗakin kaya, wato a jikin shingena. Kwana huɗu ba a ji komai ba. A na biyar na fito da gahawata baranda na koma da ita ciki. A na bakwai karen Hollis ya tattara ya dawo ƙarƙashin gidana, ta can ɗaya gefen. Mai kawo wasiƙa ya daina tsayawa, yana tafe yake jefawa. Hollis kuwa kowace safiya sai ya buɗe murfi, ya juya da sanda, ya shaƙa, ya gyaɗa kai kamar mai duba jariri.

Ozella ta jure har ranar da ta kwaso zannuwan gadonta daga igiya ta ji abin da suka kwaso. Ina gyaran shinge na ji ta.

"Hollis Tarver, ko bokitan nan su bar gidan nan, ko ni."

"Laraba ake buɗe daji, uwargida. Laraba za su tafi."

"To sai Laraba ka nemi bakina."

Ta cika alkawari. Tana dafa masa abinci, tana ajiyewa, ba ta magana. Zaman baranda na la'asar ma ya tsaya.

A nan ne nawa laifin ya shigo, in laifi ne. Ranar da muka je yankan lasisi an ba kowannenmu ɗan littafin dokokin dajin. Hollis ya cusa nasa a aljihun baya, ya zauna a kai har gida. Ni na karanta nawa. A shafi na tara an rubuta cewa ba a zuba wa dabba abinci don a jawo ta a dajin gwamnati, ba a ma shiga da shi a mota. Na karanta sau biyu, na leƙa ta taga na ga bokiti biyar suna kumfa.

Ni ba mutum ba ne mai faɗin magana gaba-gaɗi. Hollis kuma in ka ce masa gabas kai tsaye, yamma zai nufa don ya nuna maka akwai ta. Sai na same shi yana juya masararsa, na tsaya ta inda iska ke fitowa, na ce dajin gwamnati fa ba kamar dajin kamfani ba ne. Ya ce alade bai san mai daji ba, cikinsa ya sani. Na ce akwai abubuwan da ake yi can da waɗanda ba a yi. Ya ce in falmaran mai ruwan lemo da ake tilasta wa mafarauta sakawa nake nufi, ya saya, ko da yake shi bai ga dalilin da zai sa dattijo ya shiga daji kamar fitilar kan hanya ba.

Kashegari na naɗe kusurwar shafi na tara na ajiye littafina a kujerar akori-kurarsa. Da yamma na gan shi a ƙarƙashin bokiti na uku, an tokare shi da shi don kada ya karkace.

Na tambaye shi ko Ozella ta duba littafin. Ya ce bakin Ozella ya tafi hutu. Na so in ciro shi in karanta masa, amma a shekara arba'in da uku ban taɓa buɗe takarda a gabansa na karanta da ƙarfi ba, sai in shi ya nema da wani dalili nasa. In na yi, na faɗi abin da ba a faɗa ke nan. Sai na zagaya ta ƙofar kicin wurin ƙanwata. Ina cewa maganar masarar nan ce, ta ɗaga ludayi.

"Yaya, kai ka ba shi ni. In akwai abin faɗa masa, kai ka faɗa."

Ba ta bari na kai shafi na tara ba.

Laraba da sassafe muka loda bokitan. Na ce a raina a hanya zan faɗa. Amma gilasai a sauke suke saboda wari, iska na kaɗawa, shi kuma yana ta bayanin inda zai haƙa rami da inda za mu zauna, har muka hango rumfar da mafarauta ke cika kati kafin su shiga. Motoci sun kai goma sha biyar, kowa da jan falmaran. Kafin mu tsaya mutane suka fara juyowa.

Malamar dajin da ke wurin Rhonda Ladner ce, mahaifinta ya yi aikin katako tare da Hollis. Ta tako ta tare mu tun kafin ƙofa, hannunta a hanci.

"Baba Hollis, gawa ka ɗauko mana?"

"Masara ce, 'yata. Kwananta goma sha biyu. Ba ki taɓa jin irinta ba."

Ta ce gaskiya ba ta taɓa ji ba. Sannan ta rage murya ta gaya masa ba a shiga da ita, yana cikin littafin da aka ba mu, shafi na tara. Hollis ya kai hannu aljihun gaba yana lalube. Ta ce kada ya damu, ta san tabarau yana gida. Ta dubi tayoyin motar, ta ce ba su ƙetare ƙofa ba tukuna, in ya juya yanzu, ita abin da ta gani dattijo ne ya fito da masararsa shan iska.

Wani daga cikin masu jira ya yi dariya. Hollis bai dube shi ba, ni ya duba.

"Alton, ka sani?"

"Na ce maka dajin gwamnati ba kamar na kamfani ba ne."

"Wannan kowane wawa ya sani. Tambayarka na yi, ka sani?"

Na ce na sani.

Mil goma sha biyu muka koma har gida. Ya sauke bokitan a inda suke, a jikin shingena, ɗaya bayan ɗaya. Ozella na tsaye a ƙofar kicin da tsintsiya. Ta dubi bokitan, ta dube shi, ta dube ni, ta koma ciki. Ƙofar ba ta bugu da ƙarfi ba, wanda ya fi muni.

Muka koma daji hannu wofi, sai bindiga. Ni na cika mana katin.

Ban so in tsawaita labarin kwana biyun nan. Tsofaffi biyu ne a cikin taɓo, ɗaya gwiwa ta ƙi, ɗaya ba a yi masa magana. Alamar aladu kuwa ko'ina: ƙasa a tone kamar an bi ta da garma, sawu manya da ƙanana, kututturan da suka goga jiki suka bar laka. Su ne dai babu. Duk inda Hollis ya ce nan ya dace a zauna, sai mu tarar da wani mai jan falmaran ya riga mu, yana ɗaga mana hannu. Hollis ba ya iya tafiya shiru. In ya taka reshe sai ya zagi reshen, in sauro ya cije shi sai ya zagi gwamnati. Ranar Alhamis da la'asar muka ga bayan wani baƙin alade yana shigewa cikin gora, kafin ya ɗaga bindiga ko ganye ba ya motsi. Ya ce da an bar shi da bokiti ɗaya, ɗaya tak. Na ce haka ne. Ya ce ba da ni yake ba.

Abin da ba mu sani ba, ranar Alhamis ɗin muna daji Ozella ta ɗauko baro. Mace 'yar shekara sittin da shida, ta kwashe bokitan nan ɗaya-ɗaya har ƙarshen filinsu, bayan kunyoyin dankalinta, ta tuntsurar da su a bakin kwazazzabo. Da muka dawo na ji iska ta yi daɗi. Hollis ma ya ji, ya dubi bayan ɗakin kaya, amma gajiya ta hana shi tambaya, kuma ko ya tambaya ba mai amsa masa.

Juma'a muka fita gari bai gama wayewa ba. Muka bi gefen kogi, muka zagaya wani tafki, muka dawo inda muka fara. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya Hollis ya zauna a kan wani gungume, ya zare harsasai ya zuba a aljihu. Ya daɗe yana kallon takalmansa.

"Purvis ya je ya sayo namansa," in ji shi.

A rumfa na rubuta a katinmu cewa ba mu samu komai ba, Rhonda ta karɓa ba ta ɗaga kai ba.

Muna karyo kwanar gida na hango abu a rataye a babban reshen bishiyar bayan gidansu. Macen alade ce, matashiya, za ta kai laba ɗari da arba'in, irin wadda namanta ba ya wari. An ɗaga ta da sarƙa da ƙaramar tarakta, an riga an farke cikin an wanke. Ozella na bakin famfo tana goge hannu har gwiwar hannu. Can bayanta kuma, inda kunyoyin dankali suke jiya, ba kunya ko ɗaya. Ƙasa ce ja a birkice, da guntayen dankali a warwatse.

Bakinta ya dawo daga hutu. Ta ce bayan fitarmu ta je ba kaji hatsi ta ji gurnani. Aladu ne, su tara. Sun gama da masarar, sun lashe har ƙasar wurin, sun shigo dankalin da take shirin haƙa ranar don kek ɗin Lahadi. Ta yi musu tsawa, ko kallonta ba su yi ba, wasu ma tafiyarsu ba daidai take ba. Sai ta koma ta ɗauko tsohuwar bindigar uban Hollis da ke bayan ƙofa, ta jingina a jikin shinge.

"Ba don kai na harbe ta ba, Hollis Tarver. Dankalina take ci."

Ta ƙara da cewa ta buga wa matar Purvis waya kada su wahalar da kansu zuwa kanti. Hollis ya tambaya me ta ce mata. Ta ce ta ce akwai alade a gidan Tarver, iyakar abin da ta ce ke nan.

Ya zagaya aladen sau biyu. Ya sa yatsa a bayan kunne inda harsashin ya shiga, ya duba ko akwai wani ramin, babu. Ya share maƙogwaro.

"Masarata ce ta kawo su."

"Ita ce," in ji Ozella. "Je ka ga abin da ta kawo."

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Hollis na kujerar ƙarfe, fatar aladen ta yi ja tana tsatstsafo da mai. Purvis Lott ya zo da farantinsa ya tambaya ta wane gefen dajin gwamnati aka samo wannan, don shi ya ji an ce bana wurin ya yi wuya. Hollis ya ce ba nisa. Purvis ya dube ni, ni kuma na ga wani tsuntsu a sama da ya cancanci kallo. A teburin mata ana ta tambayar ina kek ɗin dankalin Ozella, wanda bai taɓa fashi ba. Ta ce yana cikin aladen, kowa zai samu rabonsa.

Fasto ya yi addu'a. Aka yi shiru irin na kowace shekara, ana jiran yankan farko. Hollis ya tashi da wuƙarsa, ya yanko daga gadon baya inda ya fi taushi, ya riƙe a bakin wuƙar. Na san tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya kai baki, shekara talatin da huɗu ina gani. Wannan karon ya wuce. Mai ya gangaro ya ɗiga a takalminsa.

Sai ya taka, da gwiwar nan tasa, ya ratsa dattawa, ya wuce fasto, har teburin mata. Ya ajiye naman a farantin Ozella.

"Ɗanɗana ki ji ko gishiri ya ji," in ji shi.

Ba wanda bai gane ba. Purvis ya buɗe baki, matarsa ta taka masa ƙafa. Ozella ta yanka, ta tauna a hankali, kowa na kallo.

"Bai ji ba," in ji ta.

Hollis ya koma kujerarsa yana gunaguni cewa shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa kukan gishiri. Ba wanda ya ce ya tashi daga kujerar. Ita ma ba ta nema ba, ta ce ƙarfen ya karkace.

Da ni kuwa har yanzu bai gama hucewa ba. Ya dawo mini da gudumata, wadda ta shekara shida a wurinsa, ya ajiye a matakala ba sallama. Da na yi godiya ya ce nan gaba in ina da magana in yi ta da baki, Allah bai ba ni shi don shan gahawa kawai ba. Na ce zan duba.

Ranar Talata da la'asar ina baranda na ji Ozella ta fara karatu. Littafin nan ne, wanda aka ciro daga ƙarƙashin bokiti, ya bushe ya kumbura. Tana karanta doka ɗaya, yana musu da ita, ta jira ya gama, ta ci gaba. Muryarta ba ta saba wuce matakala ba, amma da ta kai shafi na tara sai da ta tsallako shinge, kuma sau biyu ta karanta shi. Ina jin na biyun ba don Hollis ba ne.